Alu Mai Ginin Rumbu

A ƙasar Kibiya, tun kafin yaƙin duniya na biyu har bayan tafiyar Turawa, in ka ga rumbun laka mai faɗin ciki da siririn wuya, tsaye a kan duwatsu kamar daga ƙasa ya tsiro, ba sai ka tambaya ba, hannun Alu ne. Sunansa na yanka Aliyu, amma ko limamin da ya ɗaura masa aure da Alu ya san shi. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Wurin mahaifinsa Malam Mika'ilu ya gaji sana'ar. Shi ya koya masa irin ƙasar da ake haƙa, da yawan ramnon da ake zuba mata, wato busasshiyar ciyawar da ke kama laka, da kwanakin da za a bar ta ta ruɓa kafin a ɗora hannu. Alu ba ya gaggawa. Kullum kamu biyu yake ɗorawa, ya bari rana ta sha, gobe ya dawo. Shi ya sa rumbunsa kan shekara ashirin bai tsage ba.

Aikin ya kai shi Rano, ya kai shi Rurum da Zurgu da ƙauyukan da ke tsakani, kuma ya shigar da shi gidajen da ko surukai ba su wuce zaurensu. Ta haka ya san abin da kowane gida yake ciki. Akwai mai kiransa ya ce a yi masa mai cin dami ɗari biyu. Akwai wanda zai ja shi gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce a liƙe masa tsagar tsohon kawai, don mata su daina gane cewa hatsin ya kusa ƙarewa. Ya sha hawa tsani ya leƙa rumbun mutum mai babbar riga, ya tarar ba komai ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ya sauko, ya gyara jinka, ya karɓi goronsa, ya tafi. Ba a taɓa jin zancen gidan wani a bakinsa ba, ko da wurin matarsa Jumai.

Shi kansa ba mai hali ba ne, ba kuma abin tausayi ba. Yana da gona ɗaya a tudu inda yake dawa da gero, da wata 'yar fadama da ya gada, wadda ba ta fi a jefa dutse ya tsallake ta ba, amma tana ba shi shinkafa da damina, da albasa da rani. Wannan fadamar ita ce rufin asirin gidan. 'Ya'yansa uku: Tani babba, sai Zailani, sai auta Maimuna wadda ta zo bayan an fid da rai.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Ramalan. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi allo a gaban malami ɗaya. Abin da ya raba su a farko bai wuce jakuna huɗu ba, waɗanda mahaifin Ramalan ya mutu ya bar masa. Da noman gyaɗa ya kankama, Ramalan ya shiga yi wa mutane jigila zuwa Rano da jakunan nan. Yana cikin haka wani attajiri na Kano ya lura da shi, ya ba shi sikeli, ya ce ya zauna a Kibiya ya riƙa saya masa. Daga nan abin ya miƙe. Mutane suka rage filin dawa suka ƙara na gyaɗa, domin da ita ake fita haraji, da ita ake sayen atamfa da fitila da kwanon sha. In kaka ta yi, buki ya taso, kuɗin gyaɗa ya ƙare, sai a koma kan hatsin, a sayar da shi lokacin da ya fi araha. Mai saye kuwa Ramalan ne.

Kusan kowace shekara sai ya aika a kira Alu a ƙara masa rumbu, har suka kai tara, jere a bayan gidansa. Ba mugun mutum ba ne, wannan kowa ya shaida. Yana fid da zakka a bainar jama'a, ba ya tauye awo, ladan Alu kuma bai taɓa kwana a hannunsa ba. In suna zaune yakan ce, "Kai ne ka riƙe mini dukiyata, Alu. Ba don hannunka ba da gara ta gama da ni." Alu ya yi murmushi ya ci gaba da murza laka.

Sai ga wata shekara, saura kamar shekara shida a sami mulkin kai, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da dawa ta yi ciki. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Ya dawo, amma bayan ganye ya riga ya naɗe. Wanda ya saba ɗaure dami sittin, a shekarar da kyar ya haɗa ashirin. Kafin bazara ta tsaya sosai, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Ran nan da hantsi Ramalan ya aiko. Alu ya same shi a bayan gida, tsaye gaban rumbunan, bakin kowanne a liƙe da laka tun bara da bara waccan.

Ramalan ya ce, "So nake ka buɗe mini su. Kai ka liƙe, kai za ka san yadda za a fasa ba a yi ɓarna ba."

Zuciyar Alu ta yi sanyi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka maka. Wallahi mutane sun jigata."

Ramalan ya kawar da kai. Ya ce, "Ba nan za a sayar ba. Bukuru za a kai, ƙasar Jos. Masu ciyar da leburorin kuza sun yi magana da maigidana na Kano, shi kuma ya yi magana da ni. Motoci na zuwa nan da mako uku."

Alu ya ajiye tsanin da ke kafaɗarsa. "Ramalan, dawar nan ta mutanen garin nan ce. Na san gonar da kowane dami ya fito."

"Sun sayar, na saya. Ban ƙwace ba."

"Ban ce ka ƙwace ba. Cewa na yi ka sayar musu."

"Da me za su saya? Can ana biyan lebura kowace Asabar, kuɗi a hannu. Nan wa ke da sisi a bazara? Kuma ka ji in gaya maka, in na ƙi, gobe za a aiko a ɗauke sikelin nan a ba wani, shi kuma ba zai bar ko zangarniya ɗaya ba."

Suka daɗe suna ja. Alu, wanda ba a san shi da roƙo ba, ya roƙa har muryarsa ta dushe. A ƙarshe Ramalan ya ce zai bar biyu, ɗaya ya rabar sadaka, ɗaya ya sayar a gari. Alu ya tsaya yana tunanin ya ɗauki tsaninsa ya tafi. Amma ya san in ya tafi wani za a kira ya farfasa su da gatari, kuma a gidansa abin da ya rage bai kai wata biyu ba. Ya jingina tsani ya hau. Rumbu bakwai ya buɗe a yinin nan, ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin tsohuwar dawa yana bugun fuskarsa.

Aka tara mata su yi sussuka, ladansu mudu ɗaya a yini da abin da suka share a ƙasa. Jumai na cikinsu, da Maimuna goye a bayanta. Mako uku ana jin lugude a bayan gidan Ramalan kamar ana shirin babban buki. Ranar da motocin suka zo, manya biyu masu bodin katako, garin ya fito ya tsaya. Ba wanda ya yi zagi, ba wanda ya ɗaga murya. Da motocin suka tashi, tsofaffin mata suka bi sawun tayar suna tsintar ƙwayar da ta zubo daga bakin buhuna.

Daminar da ta biyo ita ce Alu bai ƙara son a tuna masa ba. Ruwa ya sauka da kyau, shuka ta yi kore shar, amma ciki ba komai. Rumbuna biyun nan ba su kai ko'ina ba. Aka ci tafasa, aka ci rama, aka ci dusa, wasu suka fara sayen garin rogo da ake kawowa daga kudu. Mutum zai sunkuya noma, jiri ya ɗebe shi, ya zauna a kunya har ya dawo hayyacinsa. Da Alu ya ga Jumai ta fara ɓoye nata rabon tana ba yara, sai ya wanke ƙafa ya tafi wurin Ramalan ya ce ya zo sayar da fadama. Ramalan ya ce ya bari ya ba shi wani abu haka nan. Alu ya ce ya gode, amma abin haka nan ba zai kai su kaka ba. Aka kira shaidu. Buhu uku na dawa aka kai masa gida.

Ana cikin haka ƙyanda ta shigo gari, ta sami yara ba ƙarfi. Ta kama Maimuna. Akwai wani Bafulatani, Bappa, wanda ya saba sauka da shanunsa a gonar Alu da rani, su ci kara su bar masa taki. Shi ma shekarar ta taɓa shi, ya sayar da shanu biyar a kuɗin biyu. Duk da haka kowace safiya sai ya zo da kansa da 'yar ƙwaryar madara, ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "A ba yarinya." Kwana tara yana zuwa. Rana ta goma ya tarar da maza zaune a kan tabarma a waje. Ya ajiye ƙwaryar a gindin danga, ya tsuguna, ya shafa fatiha tare da su. Saura kwana goma sha biyu a fara cin tumun sabon gero.

Bayan an yi kaka, Alu ya ce wa Jumai zai tafi cin rani, abin da bai taɓa yi ba. Ta tambaye shi ina. Ya ce Bukuru. Ta dube shi, ta shiga daka masa ƙuli-ƙulin guzuri. A ransa yana son kuɗin da zai dawo da fadamarsa, amma akwai wani abu kuma: yana son ya ga wurin da dawar nan ta tafi da idonsa.

Ya bi ayarin 'yan cin rani ta Tudun Wada da Saminaka, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan mota. Ya sami aiki a wani ramin kuza, yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka daga gindin rami zuwa inda ake wankewa. A can ya fara ganin fitilar da ba a zuba mata mai, da ruwan da ake murɗawa ya zubo. A kan tudu akwai gidajen manyan kamfani, farare, da wani mutum wanda aikinsa kawai shi ne ya shayar da furanni. Alu ya tsaya ya kalli ruwan yana malala a kan ciyawar da ba mai ci, ya tuna rijiyar unguwarsu wadda mata ke kwarfa da bazara kafin su cika tulu ɗaya. Ranar Asabar kuwa, kamar yadda Ramalan ya faɗa, aka biya su. Ya shiga kasuwa ya ga dawa tuli, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba yana sayen mudu biyar ba tare da ya taya ba.

Amma da ya daɗe sai ya ga wani abin. Barikin leburori ɗakuna ne na kara da sanyin dutse ke ratsawa, mutum takwas a ɗaki, tari ba ya yankewa. Akwai wata dattijuwa 'yar asalin wurin da ke sayar musu da itace. Wata rana ya taya ta sauke kaya, ta nuna masa wani ƙaton rami cike da koren ruwa, ta ce da 'yar Hausarta, "Nan gonar mijina. Acca muke yi. Yanzu itace." Ya tambaye ta ko an ba su wani abu. Ta buɗe tafin hannu ta hure shi. Alu ya koma bariki yana juya abin. Ya zo yana zaton zai tarar da mutanen da suka ci abincin 'yarsa suna ƙiba, sai ya tarar da masu tari da mai sayar da itace. Kuzar kuma jirgin ƙasa ke kwashe ta kullum ya yi kudu da ita, ba wanda ya iya gaya masa inda take tsayawa.

Wata huɗu ya yi ya dawo da abin da ya tara a ɗaure a lalita. Ya je wurin Ramalan. Ya tarar an haɗe fadamarsa da na maƙwabta uku da su ma suka sayar a daminar nan, an kewaye, an dasa rake. Ramalan ya ce, "Yanzu ko na so, ta ina zan yanka maka? Amma zo ka riƙa duba mini ita, in biya ka." Alu ya ce a'a, shi magini ne. Da kuɗin ya sayi jaki ɗaya da awaki biyu, ya sai wa Jumai zane.

Shekaru suka wuce. Ramalan ya je Makka ya dawo Alhaji, ya sayi motar ɗaukar kaya tasa ta kansa. 'Yan siyasa suka riƙa zuwa da lasifika suna cewa in Bature ya tafi arzikin ƙasa zai zauna a ƙasa. Ranar mulkin kai Alu ya je Rano ya ga an ɗaga sabuwar tuta, 'yan makaranta sun yi maci, an yi kiɗa har la'asar. Ya ji daɗi kamar kowa. Aka gyara hanya, motoci suka ƙaru, kuma duk motar da ta shigo wayam takan fita a cike. Alhaji Ramalan ya gina sito na bulo da rufin kwano, ya daina ajiye dami, sai buhu. Sauran masu hali suka bi sahu. Aikin Alu ya koma na ƙananan gidaje, inda ake biyansa da kaza, ko ƙwaryar wake, ko a ce Allah ya yi albarka.

Tani ta yi aure a Zurgu, gidan manoma irin nasu. Zailani kuwa da ya kawo ƙarfi ya dubi gonar tudun nan, ya ga ba za ta ci da gida biyu ba, ya ce, "Baba, ka yi mini izini in tafi Kaduna, ana ɗaukar mutane a masaƙa." Alu ya so ya ce masa ya tsaya ya koyi ginin, sai ya tuna rabon da a kira shi babban aiki, ya sa masa albarka. Da Zailani ya zo hutun salla ya faɗi abin da ake ba shi a wata, Alu ya ɗauka bai ji daidai ba, ya sa ya maimaita. Sannan yaron ya faɗi kuɗin hayar ɗaki da na abinci, har da na ruwa. Jumai ta riƙe baki ta ce, "Ruwan ma?"

Shekara biyar bayan mulkin kai, yana gyara wa wata gwauruwa rumbu a Rurum, matakin tsani ya karye, ya faɗo a kan dutsen gindi, ƙugu ya goce. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abin ya ƙi. Da labari ya kai wa Alhaji Ramalan, sai ya sa aka sauke rabin buhunan gyaɗar da ke motarsa, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da Alu, shi ma ya bar gaban mota ya hau baya ya zauna kusa da shi, suka nufi asibiti a Kano.

Da suka shiga birni motar ta bi ta wajen da ake tara gyaɗa. Alu ya ɗaga kai da kyar ya ga buhuna an jera su sun yi tsini sama, tsibi bayan tsibi, kowanne ya fi duk wani gini da ya taɓa gani. Ya daɗe yana kallo da idon magini, sannan ya ce, "Alhaji, wanne ne naka?"

Alhaji Ramalan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Duk abin da na kawo tun da na fara, in aka tara, bai kai kusurwar guda ɗaya ba. Kai kana ganina a Kibiya ana tashi in na shigo. A nan, gidan maigidana, tun hantsi nake tsugunawa a zaure har azahar, wani lokaci a ce in dawo gobe. Shi kuma na taɓa ganinsa tsaye a ƙofar wani ofis, hula a hannu. Farashin ma ba shi ke yankawa ba, daga sama ake aiko masa."

Alu ya mai da kansa kan katifa. Can ya ce, "To, su na saman, sun san da mu?"

Alhaji ya mai da idonsa kan hanya. Bayan mota ta ƙara gaba sai ya ce, "Shekarar yunwar nan, da na bar rumbu huɗu."

Alu ya ce, "Da ka bar huɗu." Bai ƙara ba, bai kuma rage ba.

Ya yi wata guda a asibiti aka sallame shi, amma bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Ya rasu a ɗakinsa da farkon damina, ranar wata Talata da hantsi, Jumai na gefensa. Mutanen da suka zo jana'iza sun ba kowa mamaki, har daga Rano da Zurgu da rugagen Fulani, yawancinsu masu tsofaffin riguna.

Bayan sadakar bakwai malamin unguwa ya zo rabon gado. Gona ɗaya ce a tudu, da jaki wanda ya tsufa, da awaki biyar, da dami goma sha ɗaya na gero, da riguna biyu. Ya zauna bayan azahar, kafin shayin da aka ɗora masa ya huce ya gama. Zailani ya bar wa mijin Tani gonar ya riƙa nomawa yana ciyar da Jumai, shi kuma washegari da sassafe ya tari motar Kano ya wuce Kaduna, don ranar Litinin yana da aiki.